DARASI NA 14: TSIRON ƘASHI A GADON BAYA

In an tashi daga aji da yamma, ku dubi yadda mutane su ke miƙewa daga kan tabarma. Saurayi zumbur ya ke tashi. Dattijo kuwa sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, sa'an nan ya kama kwankwaso ya ce, "Wash!" Daga Kurfi har Dutsin-Ma da wuya a shiga gidan da babu mai kukan baya. Manomi yana kuka, mai daka tana kuka, ɗan dako yana kuka, tela ma da ke wuni a zaune bisa keke bai tsira ba.

Wani in ciwon ya matsa masa ya kan tafi asibiti, a ɗauki hoton bayansa. Sai likita ya ɗaga hoton wajen haske ya ce, "Baba, ƙashi ya tsiro maka a baya." Daga nan hankalinsa ya tashi. Ya komo gida yana tsammani wata ƙaya ce ta fito masa a ciki, tana girma, wata rana za ta huda shi. Waɗansu har su kan sayar da akuya ko buhun gero su nemi maganin da zai narkar da ita. To, yau za mu karanta labarin wannan tsiro, mu san abin da ya ke, da lokacin da ya kamata a ji tsoronsa, da lokacin da bai kamata ba.

Yadda Allah ya gina baya

Kowa ya sa hannu ya shafa ƙeyarsa, ya gangara ƙasa. Kun ji waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle a jere? Ƙasusuwan baya ke nan. Su 33 ne, an ɗora wani bisa wani kamar yadda mai talla ke jera ƙore. Na wuya 7 ne. Na tsakiya, waɗanda haƙarƙari ke kama da su, 12 ne. Na tsatso 5 ne, su ne manya, don su ke ɗauke da nauyin jiki. Sauran 9 na can ƙasa, yawancinsu sun manne da juna.

Wanda ya ke so ya gani da idonsa, ya roƙi mahauci ya ba shi wuyan rago. In an dafa an cinye naman, a wanke ƙasusuwan a ƙirga. Za a sami 7, daidai da na mutum. Raƙumi ma, duk tsawon wuyan nan nasa, 7 gare shi. Muna so kowane aji ya samo irin ƙasusuwan nan ya ajiye, gama gani ya kori ji.

In kun riƙe ƙashi ɗaya za ku ga rami a tsakiyarsa. In an jera su, ramukan su kan haɗu su zama kamar bututu. Ta cikin bututun nan laka ta bi, tun daga ƙwaƙwalwa. Laka ita ce babbar hanyar saƙo tsakanin kai da jiki. A gefe kuma, tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa, akwai ƙananan ƙofofi, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta nan jijiyoyi su ke fita, na wuya su tafi hannu, na tsatso su tafi ƙafa. Duk abin da yatsa ya taɓa, ta jijiyar nan labari ke kai wa ƙwaƙwalwa. Duk motsin da ƙafa za ta yi, ta nan umurni ke zuwa.

Sauran abu ɗaya. Mace ba ta ɗora tulu a kanta sai da gammo. Haka nan ƙasusuwan baya, tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai taushi, na guringuntsi, cikinsa da damshi. Mu a darasin nan gammo za mu riƙa ce masa. Shi ke hana ƙasusuwa gugar juna, shi ke shanye jijjiga in mutum ya yi tsalle ko ya hau babur a hanya mai gargada.

Daga ina tsiron ya ke fitowa?

Gammon yaro cike ya ke da ruwa. Amma shekaru suna tafiya yana bushewa kaɗan kaɗan, yana lotsewa, kamar gammon tsumma da ya sha kaya. Shi ya sa ku ke ganin tsoho ya rage tsawo. In gammo ya lotse, ƙasusuwa su kan matso kusa da juna, gaɓoɓi su yi sako-sako, guringuntsin da ke fuskarsu ya fara cinyewa.

Jiki kuwa ba ya zuba ido. Ku dubi tafin hannunku. Inda ƙotar fartanya ke guga, fata ta yi kanta, ta yi kauri don ta kare kanta. Ƙashi ma haka ya ke yi. Inda ya ga guga ta yi yawa, ko gaɓa tana rawa, sai ya ƙara sabon ƙashi a bakin wurin, don ya faɗaɗa mazauni, nauyi ya bazu, gaɓar ta tsaya. Wannan ƙarin shi ne tsiron ƙashi. Sunan da likitoci su ke kiransa da shi daga harshen mutanen Girka ya fito, ma'anarsa kuwa ke nan, ƙashin da ya tsiro.

Ku lura da kyau. Yawanci ba shi da tsini kamar ƙayar aduwa. Bakinsa a dakushe ya ke, kamar leɓen tukunya. A hoto ne ya kan yi kama da ƙaho, don daga gefe a ke ɗauka. Ba ya fitowa dare ɗaya, shekara da shekaru ya ke yi. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wani wuri, ba a ɗaukarsa daga wani. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne. Ba kuma sanyin kwana a ƙasa ko wankan rafi ke kawo shi ba, ko da ya ke mai shi ya kan fi jin jiki da hunturu. Tsofaffin shanun huɗa su kan yi shi, dawaki da karnuka su kan yi shi. Masu bincike sun same shi a ƙasusuwan mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Ashe ba sabon abu ba ne.

Babban dalilinsa shekaru. In aka tara mutanen da suka wuce shekara 60 aka ɗauki hoton bayansu, za a ga tsiron nan wurin yawancinsu, har da waɗanda ba su taɓa kukan baya ba. Furfura ce ta ciki. Akwai kuma gado: wani gida gaɓoɓinsu su kan riga na mutane cinyewa. Akwai tsohon rauni, kamar faɗuwa daga itace, ko daga bayan mota, ko haɗarin babur. Akwai ƙiba, gama tumbi kaya ne da ba a saukewa. Shan taba ma yana sa gammo saurin bushewa.

Sa'an nan akwai aiki, wannan kuwa mu ya fi shafa. Kan mutum shi kaɗai ya kai wajen kilo 5. Jarka mai lita 25 in an cika ta da ruwa kilo 25 ce. Buhun takin zamani kilo 50 ne, buhun siminti haka. Yarinya tun tana shekara 8 a ke ɗora mata tulu, ta girma ta ɗauki itace, ta ɗauki dami, ta ɗauki ƙwaryar nono zuwa kasuwa. Duk ƙasusuwan nan 7 na wuya ke sha. Likitoci a ƙasashen Afirka sun lura masu ɗaukar kaya mai nauyi a ka wuyansu ya kan riga na sauran mutane lalacewa. Manomi kuma da fartanya mai gajeriyar ƙota ya ke wuni a duƙe, daga shuka zuwa noman fari zuwa maimai. Da ya kan huta da rani. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Zobe a 1983, kuma noman rani ya yawaita, mutane da yawa ba su da watan hutu: an gama girbin gero, an shiga tumatir da albasa. Alheri ne, ba mu ce a bari ba. Amma baya shi ke biyan kuɗin.

Yadda a ke jinsa

Mutum ya kan zauna da tsiron nan har ƙarshen ransa bai sani ba. Ciwo ya kan zo ne ta hanya biyu.

Ta fari, gaɓar da ta cinye ita ke ciwo. Mutum ya tashi da asuba wuya ya sage, ko kwankwaso ya riƙe, sai ya ɗan motsa kafin ya sake. In ya waiwaya ya ji ƙas-ƙas kamar ana taka tsakuwa. Ruku'u ya yi masa wuya. Ciwon ya kan zo ya tafi: mako biyu yana damunsa, wata uku ya manta da shi. Irin wannan shi ne mutane su ke ce wa amosanin ƙashi ko sanyin ƙashi. Yana da ban haushi, amma ba ya gurgunta mutum.

Ta biyu ita ce wadda za mu tsaya a kanta. Kun tuna ƙananan ƙofofin nan da jijiyoyi ke fita? In tsiro ya fito a bakin ƙofa, ƙofar ta ƙuntata, jijiya ta matsu. Abin mamaki, a nan ciwon ba ya tsayawa inda cutar ta ke. In a wuya ne, sai mutum ya ji zogi ya bi kafaɗa, ya gangara dantse, har 'yan yatsu. In a tsatso ne, sai ya bi ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya sauka har sha-raɓa ko tafin ƙafa. Wani ya ce kamar wuta. Wani ya ce kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata. Masunta su kan ce kamar an taɓa minjirya a ruwa. In ya yi tari ko atishawa sai ya ji tsit har ƙasa. Mutum ya yi ta shafa magani a ƙafa, ya sa a yi masa tsaga a ƙafa, alhali ƙafar lafiyarta lau. Ɓarawon yana can sama.

Akwai wata alama da dattawa da yawa za su gane. A ce mutum ya fita daga gida za shi masallacin Juma'a. Kafin ya yi nisa ƙafafunsa sun yi nauyi, sun mutu. Ya tsuguna ko ya zauna a dakali, cikin 'yan mintoci su sake, ya tashi ya ci gaba. Amma mutumin nan in ya hau keke sai ya je Birchi ya komo bai ji kome ba. Har iyalinsa su kan ce ragwanci ne. Ba ragwanci ba ne. Babban bututun ne ya ƙuntata a wajen tsatso. In mutum ya miƙe sosai bututun ya kan ƙara tsukewa, in ya sunkuya gaba ya kan ɗan buɗe. Shi ya sa ya ke jin daɗin keke, shi ya sa ya ke son dogara sanda.

Ciwon da ba a jira da shi

Yanzu kowa ya ajiye fensir ya saurara, gama wannan sashe ya fi sauran.

In tsiro ya danne laka kanta a wuya, wani lokaci ba a jin zafi sosai. Hannu ne ke fara nuna alama. Mutum ya kasa sa maɓallin riga. Carbi yana hannunsa ba ya jin 'ya'yansa. Mace ta kasa zura zare a allura, ludayi ya riƙa kuɓuce mata. Wanda ya koyi rubutu a ajin nan ya ga rubutunsa ya lalace. Tafiya ta zama ta tangaɗi kamar ta mai maye, ya riƙa tuntuɓe a fili. Wannan ba a cewa tsufa ne a yi shiru. Laka in ta daɗe a danne ba ta komawa kamar da. A tafi asibiti cikin makon nan.

Akwai wanda ko kwana ba a yi. In mai ciwon baya ya ga fitsari ya tsare masa, ko yana zuba bai sani ba, ko bayan gida yana kuɓuce masa. In ya zo yin tsarki bai ji taɓin ruwa ba. In tsakanin cinyoyinsa ya mutu, watau wurin da ke taɓa bayan jaki in an hau. In ƙafafu duka biyu suna raunana yau fiye da jiya, to, a nemi mota a ranar nan. Mun sani magana ce mai nauyi, dattijo ba ya son faɗa wa ɗansa, mace ba ta son faɗa wa surukarta. Amma jijiyoyin da ke riƙe fitsari ne suka matsu, kuma kwana ɗaya ko biyu na iya raba mai warkewa da wanda zai zauna haka har abada. Kunya a nan hasara ce.

Kuma ba kowane ciwon baya ne na tsiro ba. Tarin fuka ya kan bar huhu ya shiga ƙashin baya ya ci shi. Wani likita na Ingila mai suna Pott ya bayyana wannan cuta tun 1779, har yau kuwa tana nan ƙasarmu. Alamarta ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, da zazzaɓin yamma, da gumin dare, da rama. In an yi sakaci ƙashin ya rushe, doro ya fito, ƙafafu su shanye. Ta kan kama yaro, ta kan kama babba. Tana warkewa in an sha magani yadda aka ce, ko da ya ke shan ya kan kai shekara, kuma maganin tarin fuka kyauta a ke ba da shi a asibitocin gwamnati. Akwai kuma wata cuta da a ke ɗauka daga madarar da ba a dafa ba, ko wajen taimakon saniya haihuwa, ita ma ta kan sauka a baya da zazzaɓi mai zuwa yana komowa. Makiyaya su riƙe wannan. Ciwon ƙoda ya kan fito a baya. Ciwon daji na mafitsara ko na nono ya kan tafi ƙashin baya. Don haka ciwon baya da zazzaɓi, ko da rama, ko wanda ke ta da mutum daga barci kullum, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa, ko na ƙaramin yaro, duk na likita ne.

A asibiti

A fara da asibitin da ke kusa. Akwai babban asibiti a Dutsin-Ma, akwai a Kurfi. Likita zai yi tambaya, ya sa ka taka da dunduniya, ka taka da 'yan yatsu, ya ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar guduma, ya ɗaga ƙafarka kana kwance. Kada ka raina wannan ka ce ba a yi maka kome ba tun da ba a ɗauki hoto ba. Sau da yawa hannun likita ya fi hoton ba da labari.

Hoton ƙashi wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano shi a 1895. Yana nuna ƙashi, yana nuna tsiro, amma ba ya nuna laka ko jijiya. Mai nuna su wata babbar na'ura ce mai aiki da mayen ƙarfe, a kan shigar da mutum cikinta a kwance. Sai a manyan asibitoci a ke samunta, tana da tsada kuwa, ba kowa ke bukatarta ba. In likita ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai ba ka takarda zuwa Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Janar Amadi Rimi da ke Batagarawa, ko kuwa Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Takardar nan a adana ta cikin leda tare da hoton, kada a naɗe hoton, kada a bar shi a rana.

Tun da yawancin tsofaffi suna da tsiro, ganinsa a hoto bai tabbatar shi ne mai laifi ba. Sai in wurin da ya ke ya dace da inda ciwon ke bi. Likita mutum ya ke yi wa magani, ba hoto ba.

Magani

Bari mu faɗi gaskiya tun da fari. Babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙo, babu man shafawa da ke narkar da tsiron ƙashi. Ƙashi ne kamar sauran ƙasusuwanka, abin da zai narkar da shi zai narkar da su duka. Mai mota da lasifika a bakin kasuwa da ya ce kwalba uku za ta wanke maka shi, kuɗinka ya ke so.

Amma ga abin farin ciki. Ba sai tsiron ya tafi ciwo ke tafiya ba. Abin da ke ta da zogi yawanci kumburi ne a jikin jijiyar, da ɗaurewar naman da ke kewaye. In kumburin ya saɓe sai ciwo ya lafa, tsiro kuwa yana nan zaune. Yawancin masu ciwon da ke bin hannu ko ƙafa su kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da an yanka su ba.

Da a kan ce mai ciwon baya ya kwanta. Yanzu likitoci sun gane doguwar kwanciya ƙara cuta ta ke yi: nama ya saki, gaɓa ta sage. In ciwon ya yi tsanani a huta kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a tashi a riƙa takawa, yau zuwa ƙofar gida, gobe zuwa bakin rijiya, jibi zuwa gona. A gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, musamman in fatar ta mutu ba ta jin zafi. Mai ciwon tsatso in zai kwanta rigingine ya sa matashi ƙarƙashin gwiwa, in ta gefe ne ya sa shi tsakanin gwiwoyi. Mai ciwon wuya kada ya tara matasai, kada kuma ya yi matashi da hannu. A manyan asibitoci akwai sashen gashi, inda a ke koya wa mutum motsin da zai ƙarfafa naman ciki da na baya. Naman nan shi ne ɗamarar da Allah ya ɗaura wa ƙashi. Wanda aka koya wa ya riƙa yi kullum, kada ya bari don ya ji sauƙi. Wanda tsayuwa ko ruku'u ya gagare shi, malamai sun gaya mana addini ya yi masa sauƙi, ya yi sallarsa a zaune.

To, sai maganar ƙwaya, nan ne mutanenmu su ke cutuwa. Farasitamol mai lamba 500, babba ya kan sha 2, kada ya wuce sau 4 a yini da dare, watau ƙwaya 8. Fiye da haka yana ɓata hanta. Akwai masu ƙarfi, irin su ibufurofen da dikulofenak. Suna kashe ciwo, suna rage kumburi, amma suna cin ciki, suna gajiyar da ƙoda, suna ta da hawan jini. Ba a shansu da yunwa, ba a haɗa biyu, ba a wata da watanni a kansu. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su sha sai likita ya ce. Wanda ya ke shansu ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne ke zuba a ciki, ya daina, ya tafi asibiti.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne haɗin nan da a ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, a ce maganin gajiya. Ba suna, ba kwali. Manomi ya watsa su da safe kafin koko, ya tafi gona. Sau da yawa a cikinsu akwai masu cin ciki iri biyu, akwai kuma wata 'yar ƙwaya mai suna dekisametason. Ita ta kan sa mutum ya ji garau kwana biyu, amma in an daɗe a kanta fuska ta kumbura, ciwon sukari ya taso, ƙashi kansa ya yi laushi. Wanda ya daɗe yana shanta kuma ba a yanke ta rana ɗaya, sai likita ya rage masa sannu sannu. Taramol kuwa kun ga abin da ya yi wa samarinmu. Da yawa da ciwon jiki suka fara, don su iya aiki, yau ga su ba aikin ba lafiyar.

Ga amfanin karatunku. Duk maganin da za ku saya, ku ce a ba ku cikin kwalinsa. Ku karanta sunan. Ku nemi lambar hukumar NAFDAC. Ku duba wata da shekarar da zai lalace. Wanda ya iya wannan ya wuce a ƙulla masa abin da bai sani ba.

Wanzamai da maɗora mutanenmu ne, muna girmama su. Tausa mai sauƙi ba ta da laifi. Ƙaho ya kan sa wani ya ji sakayau na 'yan kwanaki, amma jinin da ya fita daga fata ya fito, bai kai ga ƙashi ba, aska ɗaya kuwa in ta zaga mutane tana raba ciwon hanta da ƙanjamau. Lalas da sakiya ƙuna ce a kan ciwo. Abin da mu ke roƙo da babbar murya shi ne kada a bari kowa ya murɗe wuyan dattijo don ya yi ƙara, kada kuma a sa yaro ya hau bayansa yana takawa. In bututun laka ya riga ya ƙuntata, murɗa ɗaya ta isa.

In wata da watanni sun wuce ciwo bai lafa ba, likita ya kan yi allura kusa da jijiyar don kumburi ya saɓe. In laka ce ta dannu, ko ƙafa tana shanyewa, ko fitsari ya rikice, sai aiki. A kan sa mutum barci, a kankare tsiron, a faɗaɗa ƙofar, wani lokaci a ɗaure ƙasusuwa biyu da ƙarfe. Kaɗan ne daga cikin masu tsiro su ke kai wa nan. Aikin ya fi maganin ciwon da ke bin hannu ko ƙafa, bai cika raba mutum da ciwon bayan kansa ba, ba ya kuma mai da tsoho yaro. Wanda aka ce a yi masa ya tambayi likita abin da zai samu da abin da zai iya faruwa, ya je da ɗansa ko ƙanensa mai karatu. Amma in an ce laka ce, kada a ce sai bayan kaka.

A gona da gida

Ba mu iya hana shekaru, ba mu kuwa iya barin aiki. Sai dai a sake yadda a ke yinsa. In za ka ɗauki buhu, matso kusa da shi, ka tsuguna, ka rungume shi, ka tashi da ƙarfin cinya. Kada ka sunkuya ƙafa a miƙe ka fizge shi, kada kuma ka juya ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafa. Buhu mai kilo 100 na mutum biyu ne, ko da abokai za su yi dariya. Inda akwai jaki ko amalanke ko baro, a bar musu. Mai noma in ya kai ƙarshen kunya ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya ɗan lanƙwasa baya kafin ya juyo. Tela da direba da ɗan acaɓa su riƙa sauka suna takawa. Mai wanki da mai tuƙin tuwo su sami kujera 'yar tsugune maimakon duƙawa.

Iyaye mata, ku dubi abin da ku ke ɗora wa 'yan mata. Ƙashin yarinya bai gama ƙosawa ba. Sawu biyu da ƙaramin bokiti ya fi sawu ɗaya da jarka. Maigida kuma in Allah ya hore masa baro, ya tuna ba na kai taki gona ba ne kaɗai, yana zuwa rijiya.

Aikin aji

Likita yana da mutane da yawa a layi, dattijo kuwa in ya shiga ya kan manta rabin abin da ya zo faɗi. Kowa ya buɗe littafinsa. Za mu rubuta takardar da mai ciwon baya zai riƙe in za shi asibiti. Ku rubuta amsar waɗannan, ko taku ko ta wani na gidanku:

Yaushe ciwon ya fara? Daga ina ya ke tashi, ina ya ke bi? Me ke ƙara shi, me ke rage shi? Akwai inda ya mutu? Akwai zazzaɓi, ko tari, ko rama? Fitsari da bayan gida lafiya? Waɗanne magunguna aka sha, kwana nawa?

Wanda ya gama ya kawo wa malami ya duba. Ran Laraba kowa ya zo da kwalin magani ɗaya daga gida, ko da wofi ne, za mu koyi karanta ranar lalacewa.